Bayan Wikki Akwai Sauran Daji: Wuraren da Ido Bai Saba Kaiwa Ba a Gandayen Arewa

Idan aka yi maganar yawon buɗe ido a dazuzzukan arewacin Nijeriya, sunan da yake fara zuwa bakin yawancin mutane shi ne Yankari, kuma ko a cikin Yankarin ma abin da aka sani bai wuce maɓuɓɓugar ruwan ɗumi ta Wikki da masaukin baƙin da ke gefenta ba. Wurin ya cancanci sunan da ya yi, sai dai sunan nasa ya rufe waɗansu wurare masu yawa da ba su gaza shi kyau ba, tun daga tsaunukan da ke kan iyakar Kamaru har zuwa tuddan yashin da ke kan iyakar Nijar. Duk wanda ya lura da yadda wuri yake yin suna a ƙasar nan zai ga cewa kwalta da ɗakin kwana su ne suke yanke hukunci, domin inda mota take kaiwa cikin sauƙi nan makarantu suke kai ɗalibai, nan kuma iyalai suke zuwa hutun salla, yayin da wurin da sai an taka da ƙafa ko an hau acaɓa yakan zauna shekara da shekaru babu wanda ya san shi sai mazauna gefensa da 'yan tsirarun masu bincike.

Abin da ake kira gandun daji na ƙasa shi ne yankin da gwamnatin tarayya ta keɓe da doka, ta hana farauta da saran itace da noma da kiwo a cikinsa, ta kuma damƙa shi ga hukumar da ke kula da irin waɗannan gandaye, wadda take da ma'aikatan tsaro nata na kanta. Ya bambanta da gandun namun daji na jiha, wanda gwamnatin jiha take riƙe da shi, da kuma gandun itatuwa, wanda aka fi keɓewa domin kare katako da ƙasa. Gandun Tafkin Kainji shi ne na farko da ya sami matsayin na ƙasa a 1979, kuma har zuwa 2020 guda bakwai ne a hannun tarayya, huɗu daga cikinsu a arewa, wato Kainji da Kamuku da Gashaka-Gumti da na Yankin Tafkin Chadi. A ƙarshen 2020 gwamnati ta amince da ƙarin guda goma, ciki har da Falgore a Kano, da fadamun Haɗeja a Jigawa, da Kogo a Katsina, da Pandam a Filato. Yankari kuwa an keɓe shi a 1956, aka buɗe wa baƙi a 1962, ya koma hannun tarayya a 1991, sa'an nan Jihar Bauchi ta karɓe abinta a 2006.

Da yake Yankari ne mafi sauƙin zuwa, ya dace a fara da abin da ake bari a baya a cikinsa. Faɗinsa murabba'in kilomita 2,244 ne, kuma Wikki, wadda take fitar da kimanin lita miliyan 21 na ruwa a kullum da ɗumin da ba ya sauka daga digiri 31 rani da damina, ɗaya ce kawai daga cikin maɓuɓɓugan gandun, domin akwai Dimmil da Gwan da Mawulgo masu ɗumi, akwai kuma Tungan Maliki mai sanyi. Abin da ya fi waɗannan jan hankali shi ne sawun mutanen da suka zauna a dajin kafin ya zama na giwaye. A jikin wani gangaren dutse mai laushi, irin wanda yashi ne ya daskare ya zama shi, akwai koguna 59 da aka sassaƙa da hannu, waɗanda ake kira Kogunan Marshall saboda mai binciken da ya bayyana su ga duniya a 1980. Ƙofar kowanne ƙaramar kafa ce zagayayya wadda sai mutum ya durƙusa ya rarrafa kafin ya shiga, amma daga ciki sai ta buɗe ta zama ɗaki mai sanyi wanda zai ɗauki mutane kaɗan a zaune, kuma a jikin waɗansu bangayen ana ganin zane-zanen layuka da aka karta. Masana sun fi karkata ga cewa maɓoya ce ta mutanen da ke gudun mahara a zamanin farautar bayi, kuma ƙanƙantar ƙofofin da tsayin wurin daga ƙasa suna goyon bayan wannan fahimta.

A wani sashen gandun akwai rijiyoyin Dukkey, fiye da 130, waɗanda aka haƙa kusa da juna aka kuma haɗa su ta ƙarƙashin ƙasa domin tara ruwa, ana kuma danganta su da ayarin fatake da dillalan bayi da suke yada zango a wurin. A Shau Shau kuwa akwai murahun narkar da tama kimanin 60 da har yanzu suke tsaye, tama kuwa ita ce ƙasar da ake gasawa da gawayi har ƙarfe ya rabu da ita. Tarin murahu irin wannan a wuri guda shaida ce cewa an yi sana'ar ƙarfe mai girma a dajin, da mahaƙa da masu ƙona gawayi da maƙera da masu saye. Abin takaici ne a ce ɗalibai suna zuwa daga nesa su yi wanka a Wikki, su ɗauki hoton gwaggon biri yana wawurar abinci, su koma gida ba tare da an kai su ko ɗaya daga cikin waɗannan wurare ba, alhali darasin tarihin da ke cikinsu ya fi wanda ke cikin littafin aji. Mai son ganin faɗin dajin kuma yana iya neman a kai shi tudun Kalban mai shimfiɗaɗɗen kai, inda ake hango kwarin kogin Gaji, wanda a ƙarshen rani yake tara giwa da ɓauna da gwanki da gwambaza saboda sauran ruwan daji ya ƙafe.

Amma idan ana maganar kyawun ƙasa tsagwaronsa, babu gandun da ya kama ƙafar Gashaka-Gumti a Nijeriya, kuma babu wanda rashin saninsa ya fi ba da mamaki. Shi ne mafi girma a ƙasar, da faɗin da ya haura murabba'in kilomita 6,400, wato kusan Yankari uku, kuma an kafa shi a 1991 ta hanyar haɗe gandayen namun daji da aka keɓe tun farkon shekarun 1970. Sashensa na arewa, wato Gumti, yana Jihar Adamawa ta wajen Toungo, kuma shimfiɗaɗɗen daji ne mai dogayen ciyayi da itatuwa jefi-jefi, irin wanda ɗan ƙasar Hausa zai gane. Sashen kudu, wato Gashaka, yana Jihar Taraba, kuma a nan ne ƙasa take tashi sama, ta zama tsaunuka da kwazazzabai da kurmi mai duhu, har ta kai ƙololuwar Chappal Waddi, wanda ake kuma kira Gangirwal, dutsen da ya fi kowane tsawo a Nijeriya da mita 2,419 sama da teku. Hedikwatar gandun tana Serti, a kan hanyar da ta taso daga Jalingo ta bi ta Bali ta nufi Gembu, daga nan kuma hanyar burji ce take shiga ƙauyen Gashaka, hanyar da damina take cinyewa kowace shekara.

Darajar wannan gandu ta samo asali ne daga bambancin tsayin ƙasarsa. Yayin da matafiyi yake hawa, zafi yana raguwa, ruwan sama yana ƙaruwa, tsirrai da dabbobi kuma suna sauyawa, ta yadda a tafiyar kwana biyu ko uku da ƙafa zai ratsa dajin ciyawa, ya shiga kurmin bakin rafi inda rana ba ta taɓa ƙasa sai tsaka-tsaka, ya fito kan tudu mai gajeriyar ciyawa da iska mai sanyi inda hazo yake kwana a cikin kwari har hantsi. Wannan ne ya sa aka ƙidaya nau'in tsuntsaye fiye da 500 a cikinsa, tare da ɓauna da damisa da mazo da aladen daji da biri mai roro, wato baƙin birin nan mai farin gashi a kafaɗa da jela wanda ba ya cika saukowa daga kan itace. Koguna da dama suna tasowa daga waɗannan tsaunuka, suna zuba a kogin Taraba, shi kuma ya zuba a Binuwai, saboda haka manomin fadama da masuncin da ke can ƙasa suna cin moriyar kurmin da ba su taɓa gani ba. A kogin Mayo Kam akwai wani gurbi mai zurfi da dorinai suke taruwa, kuma da rani ruwan yakan yi garau har a riƙa ganin giwan ruwa da tsage suna yawo a tsakanin duwatsu.

Dabbar da ta fi jawo masu bincike zuwa Gashaka ita ce cimfanzi, babban birin nan marar jela wanda ya fi kowace dabba kusanci da siffar ɗan Adam, kuma irin da ke nan ba a samunsa sai a Nijeriya da Kamaru. Tun daga shekarar 2000 masana daga wata jami'a ta Landan, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Volker Sommer, suka kafa sansanin nazari a Kwano, a tsakiyar kurmi, inda suka tabbatar cewa waɗannan birai suna gyara tsinke da sanda su tono zumar galla, suna kuma tsoma tsinke a ramin kwarkwasa su tsamo su ci. Ya kamata baƙo ya sani tun daga gida cewa da wuya ya ga cimfanzi ido da ido, domin ba su saba da mutane ba, kuma tsoron da suke yi yana da dalili. Abin da zai gani shi ne shimfiɗar kwanansu, wadda kowanne yake yi sabuwa da yamma ta hanyar lanƙwasa rassa a can saman itace, da tsinkayen da suka yar a bakin ramin zuma da bakinsu a tauttaune, wani lokaci kuma da asuba zai ji ihunsu daga wani kwari tare da dukan da suke yi wa saiwar manyan itatuwa. Ga wanda ya iya sauraron ɗan jagora, wannan ya isa ya biya wahalar tafiyar.

Gashaka ma ba daji ba ne da babu mutane. A kan tuddai irin su Chappal Hendu da Chappal Shirgu akwai ƙauyuka da rugagen Fulani da doka ta bari a cikin gandun, waɗanda suka hau can saboda ciyawa da kuma rashin ƙudan tsando da ke kashe shanu a ƙasa. A kan wani tudu kusa da ƙauyen Gashaka kuma akwai kufan ganuwar sojojin Jamus, abin da yake tuna wa mai ziyara cewa wannan yanki yana cikin Kamarun Jamus har zuwa Yaƙin Duniya na Farko, ya koma riƙon Ingila, kuma bai shigo Nijeriya ba sai bayan ƙuri'ar raba gardama ta 1961, lokacin da aka sa masa suna Lardin Sardauna. Zaman mutane da namun daji a wuri guda yana da nasa rikici, domin ƙonar daji da ake yi kowace shekara domin sabuwar ciyawa tana cin gefen kurmi a hankali, kuma shanu suna ƙaruwa fiye da yadda tuddan za su ɗauka. Ga kuma masu haƙar ma'adinai ba bisa ƙa'ida ba, da masu saran madobiya, itacen da kasuwar ƙasar Sin ta sa aka yi wa kisan kiyashi a Taraba cikin shekarun baya. Tun daga 2017 gidauniyar Africa Nature Investors ta shiga yarjejeniyar haɗin gwiwa da hukumar gandayen daji domin ɗaukar ma'aikatan tsaro da horar da su, kuma ɗaukar 'ya'yan ƙauyukan da ke kewaye aiki shi ne ɓangaren da ya fi muhimmanci a cikin shirin, domin dajin da maƙwabtansa ba su ga amfaninsa ba babu yawan bindigar da za ta tsare shi.

Kudu da gandun, hanya tana hawa tsaunin Mambila da kwane-kwane masu sa direba ya natsu, har ta fito kan tudun da matsakaicin tsayinsa ya kai mita 1,600. Nan ƙasa ce ta tuddai masu laushin gangare da ciyawa ta lulluɓe, da garken shanu, da layukan itacen turare a gefen garuruwa irin su Maisamari da Nguroje da Gembu, da gonakin shayi na Kakara. Daga ɓangaren Nguroje ne yawancin masu hawa Chappal Waddi suke bi, ta Njawai, da acaɓa sa'an nan da ƙafa. Wurin da ba a cika ambata ba a Mambila shi ne gandun Ngel Nyaki, kusa da ƙauyen Yelwa, wanda faɗinsa bai wuce murabba'in kilomita 46 ba, kurmin da ke cikinsa ma bai kai haka ba. Ragowar irin dajin da ake kira kurmin tsauni ne, wato kurmin da yake tsirowa a wuri mai tsayi da sanyi da hazo, inda gansakuka take rataye a jikin rassa. Mai tafiya a kan ciyawa ba ya ganinsa sai ya zo bakin gangare, sai kawai ya ga kurmin a ƙarƙashin ƙafarsa ya cika kwarin, kukan tsuntsaye yana tasowa daga ciki. Akwai sansanin bincike a bakinsa da Dakta Hazel Chapman ta Jami'ar Canterbury a New Zealand ta assasa, wanda ya horar da ɗaliban Nijeriya da yawa a fannin nazarin tsirrai da tsuntsaye.

A ɗaya ƙarshen wannan tsohon lardi, a tsaunukan Mandara da ke ƙaramar hukumar Madagali, akwai Sukur, wurin farko a Nijeriya da hukumar UNESCO ta sa a jerin kayan gadon duniya a 1999. Kyawunsa aikin hannu ne, domin mutanen Sukur sun mai da gangaren dutse gonaki hawa-hawa da suka tokare da jeren duwatsu, sun shimfiɗa hanyar dutse daga ƙasa har zuwa gidan sarkinsu da ake kira Hidi, sun gina katangu ba tare da laka ba, kuma sun daɗe suna narkar da tama suna sayar wa maƙwabta ƙarfe. Sun sha hare-haren Hamman Yaji na Madagali a farkon ƙarni na 20, sun kuma sha na Boko Haram a 2014, kuma har yanzu suna kan dutsensu.

Wanda ya bar tsaunuka ya nufi arewa zai tarar da wani irin kyau na daban, wanda ruwa da yashi suka haɗu suka yi. A tsakanin Haɗeja da Nguru da Gashuwa, kogunan Haɗeja da Jama'are suna bazuwa a kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa su zama fadamu da tafkuna da magudanai kafin su haɗu su zama Komadugu Yobe. An sa wani sashe na wannan yanki a jerin Ramsar a shekarar 2000, Ramsar kuwa yarjejeniya ce ta duniya domin kare wuraren da ruwa yake kwanciya. A cikin wannan yanki ne Dagona take, a ƙasar Bade, wato wani tafki da ya samu bayan kogi ya sauya hanya ya bar tsohon lanƙwasarsa cike da ruwa. Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu dubban agwagin daji da ƙananan tsuntsayen bakin ruwa suke sauka a nan bayan sun gudo daga sanyin Turai da arewacin Asiya sun ƙetare Sahara, su tarar da 'yan gida irin su dinya da kirinjijiya da gauraka da kwasakwasa. Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila ta lokacin, ya ziyarci Dagona a 1989 saboda waɗannan tsuntsaye, alhali mutane da yawa a Kano da Damaturu ba su taɓa jin sunan wurin ba.

Makomar waɗannan fadamu tana hannun abin da ake yi da ruwa a can sama. Madatsar Tiga da aka kammala a 1974 da ta Challawa da ta biyo baya a 1992 sun rage ambaliyar da take cika fadamun kowace shekara, sun kuma sa ruwa yana gudana kaɗan-kaɗan har da rani a inda dā yake ƙafewa, wanda hakan ya ba ciyawar kacalla damar mamaye magudanai. Kacalla tana toshe hanyar kwalekwale, tana karkatar da ruwa ya cinye gonakin wani gari ya bar wani da ƙishi, tana kuma zama maɓoyar tsuntsun jan-baki mai cinye shinkafa. Saboda haka matsalar tsuntsun da ya taso daga Turai da ta masuncin Nguru da ta manomin Haɗeja guda ce, kuma ba a Dagona za a warware ta ba.

Arewa da nan, a ƙaramar hukumar Yusufari, akwai dausayoyin Bulatura da tuddan yashi na Tulo-Tulowa. Dausayi shi ne kwarin da ke tsakanin tuddan yashi inda ruwan ƙarƙashin ƙasa yake kusa da sama, har goruba da dabino su tsiro, a yi lambu, a shayar da raƙuma, a waɗansu wuraren kuma a ɗebi kanwa idan ruwa ya ja baya ya bar ta fari fat a doron ƙasa. Mai tsayuwa a kan tudun yashi da la'asar yana ganin kore da fari da ja a kallo ɗaya, sai dai kuma yana ganin inda yashin ya fara binne gindin goruba, domin tuddan suna matsawa da iska, kuma ƙauyukan yankin sun daɗe suna fama da su. A ƙetaren iyaka, a jihar Maraɗi ta Nijar, gandun Gadabeji da ke yankin Dakoro ya sake samun raƙuman dawa a 2018, lokacin da aka kwaso guda takwas daga Kure kusa da Yamai, inda garken ƙarshe na irin raƙumin dawan Afirka ta Yamma yake zaune a cikin gonakin mutane. A 1996 guda 49 kawai suka rage a duniya, amma kariyar gwamnati da haƙurin manoma sun sa yawansu ya haura 600.

Akwai kuma wuraren da ba sa cikin kowane babban gandu, ba sa kuma buƙatar doguwar tafiya. A gefen tsaunin Jos ta kudu, a ƙaramar hukumar Wamba ta Nasarawa, ruwan Farin Ruwa yana faɗowa daga tsayin kimanin mita 150, kuma da damina ana hango shi daga nesa kamar an shanya farin zane a jikin dutse. Magangarar ruwa ta Matsirga tana kusa da Kafanchan, ta Gurara kuma tana tsakanin Suleja da Minna. Dutsen Wase, wanda ragowar maƙogwaron wani tsohon dutse mai aman wuta ne, ya miƙe shi kaɗai a tsakiyar fili, kuma yana cikin wurare ƙalilan a wannan yanki na Afirka da farar kwasakwasa take yin sheƙa. A Birnin Kudu, a Dutsen Habude da Dutsen Mesa, akwai tsofaffin zane-zanen shanu a jikin dutse, waɗansunsu marasa tozo, tare da duwatsun da suke ba da amo idan an buga su, duk a tazarar da mutumin Kano zai je ya dawo a yini guda.

Ba zai yiwu a yi wannan bayani ba tare da faɗin gaskiya game da tsaro ba. Gandun Kamuku a Birnin Gwari yana da magangarar Dogon Ruwa da dutsen Goron Dutse, amma shekaru ke nan 'yan bindiga suka hana kowa zuwa. Sashen Borgu na gandun Kainji, inda masaukin kogin Oli yake, ya shiga irin wannan hali, haka ma sashen Chingurmi-Duguma na gandun Yankin Tafkin Chadi da ke wajen Bama, haka kuma Gandun W da Nijar da Benin da Burkina Faso suka yi tarayya a kansa. A Kure an kashe mutane takwas a watan Agusta na 2020, shida Faransawa ma'aikatan agaji da 'yan Nijar biyu. Shi kansa Sambisa, wanda sunansa ya zama abin tsoro, gandun namun daji ne da ake kai baƙi kallo a dā. Abin da ya faru a waɗannan wurare ya bi hanya kusan iri ɗaya: kuɗin kula ya ragu, ma'aikata suka ja baya, hanyoyin sintiri suka mutu, baƙi suka daina zuwa, sai waɗanda suke neman wurin da babu ido suka shiga. Ta wannan fuska, rashin sanin wuri yana kare shi daga shara da hayaniya na ɗan lokaci, amma yana kuma barinsa ba mai tambayar halin da yake ciki, kuma wannan ya fi illa. Sabbin gandaye goma da aka amince da su za su fuskanci jarrabawa iri ɗaya, domin daga cikinsu Falgore da Allawa da Kogo duk sun san 'yan bindiga.

Saboda haka duk mai niyyar zuwa ɗaya daga cikin wuraren da aka ambata ya wajaba ya fara tuntuɓar ofishin gandun ko hukumar yawon buɗe ido ta jihar, ya tambayi halin hanya a makon da zai tafi, kada ya dogara da labarin bara. A gandayen tarayya ba a shiga sai da izini da rakiyar ma'aikaci, a ƙauyuka kuma ladabi ya tanadi a fara gaida mai gari a bayyana abin da ya kawo mutum, a kuma nemi izini kafin a ɗauki hoton mutane ko wuraren da suke girmamawa. Ɗan jagora da 'yan dako da ɗan acaɓa da mai sayar da abinci su ne hanyar da kuɗin baƙo yake shiga aljihun mutanen wurin, don haka bai dace a matsa musu a ciniki ba. A Gashaka da Mambila ana buƙatar rigar sanyi da takalmi mai ƙarfi da gidan sauro, kuma sadarwar waya takan ɗauke da zarar an bar babbar hanya.

Lokaci ma yana da nasa hukunci, kuma ya sha bamban daga wuri zuwa wuri. Magangarun ruwa irin su Farin Ruwa da Gurara suna cika ne daga Yuli zuwa Satumba, daidai lokacin da hanyoyin burji suka fi lalacewa, da rani kuwa ruwansu yakan ragu ƙwarai. Tsuntsayen Dagona na hunturu ne, kuma kafin ƙarshen Maris yawancinsu sun juya arewa. Namun Yankari sun fi ganuwa daga Fabrairu zuwa Afrilu, bayan ciyawa ta bushe kuma ƙishi ya kora su kwarin Gaji, ko da yake zafin wannan lokaci ba na wasa ba ne. Hawan Chappal Waddi da shiga kurmin Gashaka sun fi sauƙi daga Disamba zuwa Maris, lokacin da ake iya ƙetare rafuka da ƙafa, sai dai ƙurar hunturu takan rufe nesa a waɗansu ranakun, yayin da Mambila ta fi yin kore a ƙarshen damina, kafin a fara ƙonar ciyawa.